Duka a Gidan Aure: Me Doka ta Ce, Me Ikilisiya za ta Yi?

An shirya wannan darasi domin zumuntar mata, da zumuntar maza, da dattawan ikilisiya. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a riƙa tsayawa ana tattaunawa. Idan zai yiwu, mata su fara zama su kaɗai, maza ma su kaɗai, kafin a haɗu. Akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa ba in mijinta ko surukinta yana zaune a bencin gaba.

Wata Lahadi bayan sujada, wata mace ta tsaya a bayan majami'a har kowa ya watse. Ta ja ɗankwali ta rufe gefen fuskarta. Ta ce wa matar fasto, "Mama, ina so in ga Baba." Da aka ba ta kujera sai ta ce, "Baba Fasto, jiya ma ya sake." Fasto ya yi mata addu'a, ya ce, "'Yata, ki ƙara haƙuri, zaman aure sai da haƙuri. Zan yi masa magana." Ya kuwa yi masa. Mijin ya durƙusa, ya yi hawaye, ya ce sharrin Shaiɗan ne da na burkutu. Bayan girbi aka kai matar asibiti a kan babur da karyayyen hannu.

Faston nan bai yi da mugun nufi ba. Ya yi abin da ya ga magabatansa suna yi. Abin da bai sani ba shi ne, tun ranar da matar ta fara zuwa wurinsa, abin da ake yi mata laifi ne a gaban doka, mai hukuncin ɗauri, kuma akwai hanyar da za a bi a kāre ta kafin ƙashi ya karye.

Kada mu ce wannan matsalar wasu ce can nesa. Babban binciken lafiyar iyali da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin matan da suka taɓa aure, kashi 36 cikin 100 sun sha duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko cin mutunci daga mazajensu. Fiye da rabin matan da aka yi wa duka ko aka tilasta musu, wato kashi 55 cikin 100, ba su taɓa neman taimako ba. Ku dubi zumuntar matanku ranar taro, ku yi lissafi da kanku.

Tsohuwar doka da sabuwa

Mutane da yawa suna cewa, "Ai doka ta yarda miji ya hori matarsa." Maganar tana da tushe. Kundin Final Kod, wanda aka fara aiki da shi a Arewa a 1960, yana da sashe na 55. Sashen ya ce ba laifi ba ne uba ya hori ɗansa, malami ya hori ɗalibinsa, ko miji ya hori matarsa, in al'adarsu ta yarda da haka, muddin dai bai yi mata mummunan rauni ba. Mummunan rauni a kundin yana nufin abubuwa irin su karaya, fitar haƙori, makanta, ɓata fuska, ko ciwon da ya kwantar da mutum kwana 20. Wato an sa matar aure a layi ɗaya da ƙaramin yaro, kuma sai haƙori ya fita tukuna doka ta waiwayo.

Ƙungiyoyin mata da lauyoyi sun yi fiye da shekara goma suna kai da kawowa a Majalisar Tarayya a kan wannan. A ranar 25 ga Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira dokar VAPP. Dokar tarayya ce, saboda haka a Abuja take aiki kai tsaye, sai kowace jiha ta yi tata. Kaduna ta yi tata a 2018, Binuwai a 2019, Filato a 2022, yanzu kuwa kusan dukan jihohi sun yi. Dokar ta ce inda ta yi karo da Final Kod a kan laifi iri ɗaya, ita za a bi. Mai faƙewa da sashe na 55 a yau, da ruɓaɓɓen itace yake jingina.

Adadin da za mu kawo a nan na dokar tarayya ne. Jihohi sun bi sawunta, amma wasu sun ƙara, wasu sun rage. Ku nemi wani ɗan ikilisiya mai aikin kotu ko ɗan sanda ya samo muku ta jiharku.

Sashe na 19 shi ne na dukan abokin aure. Wanda ya doki matarsa, ko wadda ta doki mijinta (dokar ba ta bambanta ba), zai iya shan ɗauri har shekara 3, ko tara har Naira 200,000, ko duka biyu. Ba a ce sai jini ya zuba ba. Mari ma duka ne. Kuma ba mai dukan kaɗai doka ta kama ba. Wanda ya zuga shi, ko ya taimake shi, ko ya ɓoye shi bayan ya san abin da ya yi, zai iya shan ɗauri har shekara 1. Wannan ya shafi uwar miji da ke cewa, "Ka ba ta kashi ta san akwai namiji a gidan." Ya shafi abokan shan giya masu yi wa mutum dariya wai matarsa ta shanye shi. Idan an ji wa mutum rauni da makami ko wani abu, sashe na 2 ya kai ɗaurin har shekara 5.

Sabon abu a dokar shi ne ta kira sunayen muguntar da ba ta barin tabo a jiki. Korar mace daga ɗakinta, ko hana ta shiga, ɗauri ne har shekara 2 ko tarar Naira 300,000. Mun san yadda ake watso wa mace kwanukanta waje da tsakar dare, da goyo a bayanta, a ce ta tafi gidan ubanta. To, laifi ne. Ƙwace wa mace kuɗin awakinta ko na gyaɗar da ta noma da hannunta, ko hana ta sana'a domin ta zauna tana roƙo, shi ma shekara 2 ne ko Naira 500,000. Zagi da wulaƙanci na kullum, shekara 1 ko Naira 200,000. Raba mace da danginta da ƙawayenta, wata 6 ko Naira 100,000. Mutumin da ya yi watsi da mata da 'ya'ya ba ci ba sha, shekara 3 ko Naira 500,000.

Dokar ba ta manta da gwauraye ba. Tilasta wa matar mamaci al'adun da ke cutar da ita ɗauri ne har shekara 2 ko Naira 500,000. Kaciyar mata, shekara 4 ko Naira 200,000. Watsa wa mutum ruwan batir, ɗaurin rai da rai, babu zaɓin tara. Fyaɗe kuma ɗaurin rai da rai ne, in kotu ta sassauta wa babban mutum ba za ta yi ƙasa da shekara 12 ba, kuma babu tara. Idan taron dangi aka yi, shekara 20 ce mafi ƙaranci. Jihar Kaduna ta tsananta nata hukuncin a 2020 har ya kai dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe.

Gaskiya a faɗe ta, kuɗin tarar nan an yanka su ne a 2015, kuma Naira ta yi asarar daraja sosai tun lokacin. Mai shago a gari zai biya Naira 200,000 bai ji a jikinsa ba. Amma alƙali yana da ikon zaɓar ɗauri, kuma yana iya sa mai laifi ya biya diyya ga wadda ya cuta.

Idan dukan ya kai ga mutuwa, maganar ta fita daga wannan ma'auni, ta zama kisan kai. Yawancinmu mun ji labarin Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara da ta rasu a Abuja a watan Afrilu 2022. Da farko an ce ciwo ne ya kashe ta. Daga baya 'yan'uwanta da abokan aikinta suka fito suka ce mijinta ya daɗe yana dukanta, ita kuwa tana rufewa. A ranar 28 ga Afrilu 2025 Babbar Kotun Abuja ta same shi da laifi, ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. 'Ya'yansu na cikin waɗanda suka ba da shaida. Mace ce da dubban masu bi suka san muryarta, kuma mutanen da suka san halin da take ciki ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Umarnin kariya

Mata da yawa ba sa so a ɗaure mazajensu. Suna cewa, "In an ɗaure shi, wa zai yi noma? Danginsa za su tsane ni." Abin da suke so shi ne dukan ya tsaya. Domin irinsu ne doka ta kawo abin da ake kira umarnin kariya. Takarda ce daga kotu, mai hana mutumin sake taɓa ta, ko aika wani ya taɓa ta. Kotu tana iya hana shi zuwa inda take zaune ko inda take sana'a, ta karɓe makamin da yake tsorata ta da shi, ta sa shi ya ba da kuɗin abinci da na magani nan take. In akwai hatsari, kotu tana iya ba da umarni na wucin gadi tun kafin a ji ta bakinsa. Idan ya karya umarnin, ana kama shi, hukuncinsa kuwa ɗauri har wata 6 ko tarar Naira 300,000.

Ba lalle sai ita ta je da ƙafarta ba. Ɗan sanda, ma'aikacin lafiya, ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko malamin makaranta yana iya nema mata, amma da yardarta a rubuce. In yaro ne, ko wadda ta suma, ba sai an jira yarda ba.

"Amma ai an hana mu kai ɗan'uwa kotu"

Wannan ce tambayar da dattawa suka fi yi, kuma tambaya ce mai nauyi. Ku karanta 1 Korantiyawa 6:1-8. Manzo Bulus yana tsawata wa masu bi da ke jan juna kotu a kan al'amuran yau da kullum, irin su dukiya da bashi, waɗanda mai hikima ɗaya a cikin ikilisiya zai iya sasantawa. Yanzu ku karanta Romawa 13:1-4. Bulus ɗin nan dai ya koyar cewa Allah ne ya kafa hukuma domin ta hukunta mai aikata mugunta. Shi kansa bai ji kunyar neman kariyar doka ba. Da aka yi musu bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, ya ƙi fita a ɓoye, sai da mahukunta suka zo da kansu. Da ɗan 'yar'uwarsa ya ji ana shirin kashe shi, Bulus bai ce a yi addu'a kawai a yi shiru ba, ya aika yaron wurin shugaban sojoji (Ayyukan Manzanni 16 da 23). In manzo ya kai rahoto domin ya tsira da ransa, don me za mu ce mace mai kumburarren ido ta yi zunubi in ta yi haka?

Maza da yawa sun haddace Afisawa 5:22, mai maganar biyayyar mace. Kaɗan ne suka haddace aya ta 21 da ta gabace ta, ko ta 25 zuwa 29, inda aka auna ƙaunar miji da ta Almasihu wanda ya ba da ransa. Bitrus ya gargaɗi maza cewa rashin girmama mace yana tare addu'arsu (1 Bitrus 3:7). Kuma a 1 Timoti 3:3 da Titus 1:7 an cire mai saurin hannu daga cikin waɗanda za su riƙe shugabanci. Dattijon da ke dukan matarsa, komai yawan baikonsa, bai kamata ya ci gaba da raba jibi ba.

Sai maganar gafara. Wajibi ne mu gafarta, amma gafara daban, mayar da mutum bakin rami daban. Hawaye ba su ne tuba ba. Mai tuba na gaske yana faɗin abin da ya yi ba tare da ɗora wa giya ko bakin matarsa ba, yana karɓar horo, yana biyan kuɗin magani, kuma ana ganin canji wata da watanni. Matsawa gefe domin a tsira da rai ba kisan aure ba ne. Dauda ya gudu daga gidan Saul da aka jefe shi da māshi, bai kuwa yi zunubi ba. Ga waɗanda suka yi auren rajista, dokar aure ta 1970 ta ba kotu ikon raba musu wurin zama alhali auren yana nan.

Nazari: 2 Sama'ila 13:1-22

Ku karanta labarin Tamar a hankali. Ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Abin ya faru a cikin gida ne, gidan sarki kuma mai tsoron Allah. Wanda ya ɓata ta ɗan ubanta ne. Akwai aboki mai ba da mugunyar shawara, akwai bara da ya tura ta waje ya kulle ƙofa domin an umarce shi. Tamar ba ta yi shiru ba. Ta yi gardama, ta kawo hujja, bayan haka ta zuba toka a ka, ta yage rigarta, ta tafi tana kuka a fili kowa yana gani. Wanta Absalom ne ya ce ta rufe bakinta, tun da abin na gida ne. Mahaifinta Dauda ya ji, ya husata ƙwarai, daga nan bai yi kome ba. Shi ne sarki, shi ne alƙalin ƙasa, amma ya bar maganar ta kwanta. Tamar ta ƙare a gidan wanta, a kaɗaice. Bayan shekara biyu Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya tayar wa ubansa, gidan ya tsage. Rufin asirin da aka yi domin a tsare sunan gida, shi ya ci gidan.

Idan ta zo wurinka

Abu na farko, ka saurare ta, ka gaskata ta. Kada ka tambaye ta, "Me kika yi masa?" Kada ka kira mijin a zauna tare a ranar, kada kuma ka gaya masa abin da ta faɗa. Za ta yi shiru a gabanka, ta biya bashin da dare. Ka tambaye ta ko ya taɓa shaƙe mata wuya, ko ya ɗauko adda ko bindiga, ko ya ce zai kashe ta, ko ya doke ta tana da ciki. Waɗannan alamu ne cewa rai yana cikin hatsari, musamman shaƙewa. Irin wannan ba ta kwana a gidan. Ku sani kuma cewa lokacin da mace take shirin fita, da makonnin farko bayan ta fita, su ne suka fi hatsari, saboda haka kada a yi shela.

A kai ta asibiti ko da raunin ƙarami ne, a roƙi likita ya rubuta abin da ya gani. Takardar likita ita ce babbar shaida a kotu. A ɗauki hoton raunin da waya, a rubuta rana. In fyaɗe ne, kada ta yi wanka ko ta wanke tufafin kafin a duba ta, kuma a isa asibiti cikin awa 72, domin maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau ba ya aiki in an wuce kwana uku. A Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kakuri, Tudun Wada, Zariya da Kafanchan, inda ake duba irin waɗannan mata kyauta, a ba su shawara. Wasu jihohi ma suna da irinsu a manyan asibitoci.

A ofishin 'yan sanda, kada ta je ita kaɗai. Shugabar zumunta ko dattijo ya raka ta, a nemi teburin da ke kula da mata da yara. Wani lokaci za a ce muku, "Ku je ku sasanta, maganar gida ce." Ku amsa da ladabi cewa kun san doka, ku nemi a rubuta ƙarar, in an ƙi ku nemi ganin babban jami'in ofishin. Doka ta ɗora wa ɗan sanda ya taimaka mata ta shigar da ƙara, ya kai ta asibiti ko wurin fakewa, ya kuma raka ta ta kwashe kayanta. Marar kuɗin lauya tana iya zuwa ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. A Abuja hukumar NAPTIP ce ke riƙe da wannan doka. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Amma a ƙauye, kafin a kai ga dukan waɗannan, maƙwabta ne asibitin farko da kotun farko. Ikilisiya za ta iya zaɓar gida biyu ko uku na amintattun mutane inda mace da 'ya'yanta za su kwana. Zumuntar mata ta ware wani abu daga adashi domin kuɗin mota da na kati. Macen da ke cikin tsoro ta ajiye ƙunshi a gidan maƙwabciya: takardar aure, takardun haihuwar yara, katin asibiti, zane ɗaya, da ɗan kuɗi. Su shirya wata alama tsakaninsu, misali ta aiko yaro aron gishiri da dare. Maza biyu ko uku masu mutunci su yarda cewa in sun ji ihu za su je su buga ƙofa. Kuma hukuncin ƙarshe nata ne. In ta ce za ta koma, kada a yi fushi da ita, a bar mata ƙofa a buɗe, gama mata da yawa sukan fita su koma sau da dama kafin su tsai da shawara.

Tambayoyi domin tattaunawa

A labarin Tamar, su wane ne suka san abin da ya faru, me kowannensu ya yi? Wanne a cikinsu ya fi kama da ikilisiyarmu?

Waɗanne karin magana da waƙoƙin biki ne a yarenmu suke koya wa amarya ta shanye duka? Me muke faɗa wa ango a ranar?

A cikin laifuffukan da aka karanta, wanne ne ba mu taɓa ɗauka laifi ba?

Waɗanne matsaloli ne dattawa za su iya sasantawa, waɗanne ne kuma dole a kai wa hukuma?

Idan mace ta buga ƙofa yau da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, gidan wa za ta kwana, wa zai kai ta asibiti da safe, kuma daga wace jaka kuɗin motar zai fito? Ku rubuta sunayen kafin a yi addu'ar rufewa.